Alhakin da ba shi da mai kai ƙara

Duk wanda ya san titin da ya taso daga Nyanya, ya ratsa Karu, ya biyo ta Jikwoyi ya miƙe Kurudu da Orozo har Karshi, ya san yadda safiya take a kansa. Ma'aikata na sauri su riski ofis a cikin gari, motocin haya na lodi a tsakiyar hanya, masu Keke Napep na kutse ta kowane lungu. 'Yan acaɓa kuwa, da aka hana su shiga tsakiyar Abuja tun 2006, nan ne fagensu, kuma da yawansu 'yan Arewa ne da suka zo ci-rani suka zarce. Inda babur ya yi yawa, karaya ba ta wuyar samu. Da an kwashi mutum zuwa asibiti, ko na gwamnati a Karu da Nyanya da Karshi, ko ɗaya daga cikin masu zaman kansu da ke jere a Jikwoyi, maganar farko ita ce: a je a yi hoto. Har wasu maɗora yanzu ba sa taɓa ƙafa sai an kawo musu hoton.

Ɗakin hoton ba shi da wani kwarjini. Gado ne mai tauri, da wani kan ƙarfe da ke rataye a sama, da ƙofa mai nauyi saboda dalmar da aka shimfiɗa a cikinta. Mai aikin zai gyara wa majinyaci kwanciya, ya kunna wata 'yar fitila da ke zana murabba'in haske a kan fata, ya tsuke shi ko ya buɗe shi, sannan ya koma bayan shinge. In hoton ƙirji ne za a ji muryarsa daga can: "Malam, ja numfashi. Riƙe. Kar ka motsa. To, saki." Na'ura ta yi ɗan ƙara, shi ke nan. Babu zafi, babu jini, babu ko ɗumi. Majinyaci zai fito yana ganin ai wannan ko yaron shago zai iya.

A cikin wannan daƙiƙa kuwa an yanke hukunci huɗu ko biyar a kan jikinsa ba da saninsa ba: ƙarfin wutar da aka ba na'ura, yawan hasken da aka saki, faɗin wurin da hasken ya sauka, nisan na'ura da jiki, da ko hoton zai fito tun karon farko ko sai an maimaita. Mai sayen hatsi in ya zargi mai awo da tauye mudu, yana iya komawa gida ya sake aunawa. Wanda aka zuba wa hasken eksiray ninki uku na abin da ya kamata ba shi da inda zai je ya auna. A nan ne maganar ta tashi daga ta ma'aikatar lafiya ta zama ta malamai: idan cutarwa ba ta ganuwa, ba ta da shaida, wanda aka cuta ma bai san an cuce shi ba, wa ke ɗauke da alhakin, kuma ta wace hanya ake sauke shi?

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna laifin mai magani. Akwai hadisi a Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, malamin Malikiyya kuma likita, ya bambanta a Bidayatul Mujtahid tsakanin ƙwararren da hannunsa ya kuskure, wanda hukuncinsa diyya ce irin ta kuskure, da wanda ba ɗan sana'ar ba ne, wanda ke fuskantar horo da ɗauri bayan diyyar. Ibnul Ƙayyim, da ya rasu a 1350, ya kasa masu magani gida biyar a Zadul Ma'ad, tun daga gwanin da ya ba sana'a haƙƙinta amma ajali ya zo, wanda ba a bin sa komai, har zuwa gwanin da ya yi aiki ba da izinin majinyaci ko waliyyinsa ba. Abin lura ga masu saurin cewa haka Allah ya ƙaddara: duk malaman nan sun yi imani da ƙaddara, amma babu wanda ya ce ƙaddara ta goge lamuni. Wanzamin da askarsa ta wuce gona da iri a wurin kaciya sai ya biya, ko da kowa ya yarda cewa abin rubutacce ne.

Sai dai dukkan hukunce-hukuncen nan an gina su ne a kan ɓarnar da ido ke gani. Ga yaron, ga raunin, ga askar, ga mai askar. Alƙali na iya haɗa su ya yanke hukunci.

Farkon zamanin eksiray ma haka ɓarnar take, a fili. Wilhelm Röntgen ya gano hasken ranar 8 ga Nuwamba 1895 a Würzburg ta Jamus, kuma kafin shekara ta fita ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito. Duniya ta ruɗe. Kowa ya shiga gwaji da hannunsa tsirara. Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, ya yi ta sa hannu a gaban na'ura har fata ta ƙone, daji ya kama shi, aka yanke masa hannuwa biyu, ya mutu a 1904 bai kai shekara arba'in ba. Edison ya bar binciken ɗungurungum. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a harabar asibitin St. Georg da ke Hamburg, ɗauke da sunaye 169 na likitoci da masu jinya da masu haɗa na'ura da hasken ya kashe, daga baya aka yi ta ƙara wasu. Duk da haka, har cikin shekarun 1950 shagunan takalma a Amurka da Ingila na da akwatin eksiray da ake zura ƙafar yaro a ciki don a ga ko takalmin ya zauna daidai.

Yau ba a ƙona hannu a ɗakin hoto. A ma'aunin hasken da jiki ke sha, hoton ƙirji bai wuce milisibat 0.1 ba, alhali kowane ɗan'adam na shan kusan milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sama, a matsakaicin lissafin duniya. Wanda ya ƙi hoton da likita ya nema don tsoron haske ya yi wauta, domin tarin fuka ko karayar da ba a gani ba sun fi saurin kai mutum kabari. Amma hoton ciki da na'urar CT na iya kaiwa milisibat 8 zuwa 10, wato abin da jiki zai tara cikin shekara uku ko huɗu. Illar irin wannan ba ƙuna ba ce. Ɗan ƙari ne a kan yiwuwar kamuwa da ciwon daji bayan shekara goma ko ashirin, kuma yara sun fi manya hatsari. In cutar ta zo, ba ta zuwa da sunan asibitin da aka yi hoton. Babu likitan da zai iya rantsuwa cewa hoton shekara kaza ne sanadi, babu kuma wanda zai rantse cewa ba shi ba ne. Ɗan acaɓan da aka yi wa hoto sau uku a Jikwoyi saboda mai na'ura ya kasa saita ta, wataƙila a lokacin ya koma ƙauyensu a Katsina ko Zamfara, ya manta ma an taɓa yi masa hoto.

Ke nan hanyar diyya ta toshe. Abin da ya rage shi ne a matso da alhakin gaba, zuwa kafin a danna maɓalli. Wannan ma ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna a zaure: cikin darussan farko da ɗalibi ke ɗauka a Ahalari akwai wajabcin sani kafin aiki, kuma an ruwaito Sayyidina Umar yana hana wanda bai san hukuncin ciniki ba kasa kaya a kasuwa. Malamai sun ce ilimin likitanci farilla ce ta kifaya a kan al'umma, amma da zarar mutum ya tsaya a bayan na'ura yana karɓar kuɗin mutane, sanin aikin ya zama farilla a kansa shi kaɗai. Jikwoyi gari ne na coci-coci da masallatai, na Gbagyi 'yan asali da Ibo da Tibi da Hausawa da sauransu, kuma mai hoto Kirista bai buƙatar Ibn Rushd kafin ya gane cewa ba ya so a yi wa ɗansa abin da ba a iya ba.

Dokar Najeriya ta bi wannan hanya. Doka mai lamba 42 ta 1987 ta kafa hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, RRBN, wadda ke tantance makarantu da ba da lasisi. Doka mai lamba 19 ta 1995 ta samar da hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ita ce kuma ke ba da izinin na'urar kanta da ɗakin da aka girka ta. A Abuja akwai kuma kwamitin PHERMC mai yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista. Cikakken mai hoto yana shekara biyar a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, ya yi hidimar ƙasa. A da sai an je Legas ko Inugu ko Kalaba. Yanzu ana karatun a Maiduguri, da Bayero a Kano, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Ahmadu Bello a Zariya. Lasisin kuwa na shekara guda ne, kuma sabunta shi na tafiya da shaidar cewa mutum ya halarci bita ko kwas na ƙarin ilimi. A Amurka hukumar ARRT na neman maki 24 na ƙarin karatu duk shekara biyu. A Ingila hukumar HCPC na sabunta rajista duk shekara biyu, ta tsamo kashi 2.5 cikin ɗari na masu rajistar ta ce su kawo hujjar abin da suka koya.

Wannan sabuntawar ce ta fi yi wa mutane nauyi, kuma ƙorafin nasu yana da tushe a al'ada. A zaure, in malami ya ba ɗalibi izinin karantar da Risala ko Muhtasar, ya ba shi ke nan har mutuwa, domin littafin ba zai sauya ba. Maɗori ya gaji uba, uban ya gaji kaka, kuma tsufa ƙarin daraja ne. Don me za a ce wanda ya shekara ashirin yana hoto ya koma aji ya zauna da yaran da ya koyar?

Don ƙasar da yake tsaye a kai tana motsi. Wanda ya koyi aiki a zamanin fim da ɗakin duhu yana da malami mai tsanani a tare da shi kullum: in ya zuba haske ya yi yawa, fim zai fito baƙi ƙirin, kowa ya ga kuskurensa. Na'urar zamani ta kwamfuta ba ta tona asiri. In hasken ya yi kaɗan hoto ya fito da dishi-dishi, likita ya yi faɗa. In ya yi yawa kwamfuta ta gyara shi ya fito tas, likita ya yaba. Mai hoton da ba a sake koyar da shi ba zai riƙa ƙara wuta a hankali a hankali, da kyakkyawar niyya, har ya saba. Akwai lambar da ke fitowa a allo tana nuna yawan hasken da ya sauka, amma sai wanda aka nuna wa ma'anarta ke kallonta. A asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles, ɗaya daga cikin manyan asibitocin Amurka, an shafe wata 18 tsakanin 2008 da 2009 ana ba majinyata 206 kusan ninki takwas na hasken da ya kamata a hoton ƙwaƙwalwa, saboda an sauya saitin na'ura ba a fahimci abin da sauyin ke yi ba. Ba a farga ba sai da wani majinyaci ya kawo kukan gashin kansa na zuba. Masu aikin duk suna da takardu.

Wani misalin ya fi wannan ban mamaki. Shekara da shekaru ana koya wa ɗalibai su ɗora faifan dalma a kan al'aurar majinyaci, musamman yara, kuma wannan ne ma alamar mai hoto mai tsoron Allah. A 2019 ƙungiyar masana kimiyyar asibiti ta Amurka, AAPM, ta ce a daina yin haka a matsayin al'ada, Birtaniya ta biyo baya a 2020. Dalilinsu: faifan kan rufe wurin da likita ke son gani har a sake hoton, kuma in ya shiga gaban ma'aunin da ke cikin na'ura sai ta ɗauka jikin ne ya yi kauri, ta ƙara wuta da kanta. Haka a 2011 hukumar duniya ta kariya daga haske, ICRP, ta sauko da iyakar hasken da idon ma'aikaci zai sha daga milisibat 150 zuwa 20 a shekara, bayan an gano yanar ido na kama mutane a ƙasa da abin da aka zata. Wanda ya gama karatu a 2005 bai sake leƙa aji ba yana iya yin abin da malaminsa ya koya masa daidai wa daida, da zuciya ɗaya, yana kuma cutarwa. Niyya tana da matsayinta a wurin Allah, amma ba ta rage ko ɗigon haske a jikin yaro.

Masu suka suna da gaskiyarsu a wani wuri dabam. Bitar da ake shiryawa a otal a tsakiyar Abuja, da kuɗin rajista mai tsoka, tana iya zama wurin sa hannu, a ci shinkafa, a karɓi takarda. Ƙaramin asibitin da ke da mai hoto ɗaya tak ba ya son sakinsa kwana uku. Ƙwararru da dama sun yi rajista da HCPC sun tafi Ingila, waɗanda suka rage sun fi son Asibitin Ƙasa ko manyan cibiyoyin Maitama da Wuse, inda albashi ya fi kauri. Hukumar RRBN ta sha rufe wuraren hoto a jihohi daban-daban saboda masu aiki ba lasisi, kuma duk wurin da aka rufe akwai talakan da tafiyarsa ta ƙaru, da karyayyiyar ƙafa, cikin cunkoson Nyanya. Nan ne ake jawo hujjar larura: da babu gara ba daɗi.

Bagadaza ta taɓa fuskantar irin wannan. A shekarar 931 wani majinyaci ya mutu ta kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa aikin likita sai likita Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi. Masu tarihi sun ce waɗanda aka jarraba sun haura 860. Cikinsu akwai wani dattijo mai shiga ta kamala da ya zo gaban Sinan, ya ajiye ƙunshin dinare, ya ce shi bai iya karatu ba, amma da sana'ar yake ciyar da iyali. Sinan bai kore shi ba. Ya gindaya masa sharaɗi: kada ya tsaga jijiya, kada ya ba da maganin wankin ciki mai ƙarfi, kada ya taɓa cutar da bai sani ba. Dattijon ya ce ai shi dama bai taɓa wuce haɗin zuma da ruwan tsami da makamantansu ba.

Hukuncin Sinan ya fi na masu cewa a bar kowa, ya kuma fi na masu cewa a kori kowa. Larura tana halatta ƙaramin ma'aikaci, irin waɗanda kwalejojin kimiyyar lafiya ke yayewa, ya ɗauki hoton hannu da ƙafa da ƙirji a ƙarƙashin kulawar mai cikakken lasisi. Ba ta halatta ɗan'uwan mai asibiti da ya koyi danna maɓalli cikin mako biyu ya kwantar da jariri. Kuma in har larura ce hujjar, to mai asibitin da ya iya sayen na'urar miliyoyin naira da janareta ba shi da bakin cewa kuɗin bita ya gagare shi. A ra'ayin mai wannan rubutu, kaso mafi girma na alhakin yana wuyansa, sannan likitan da ke rubuta hoto don ya gamsar da majinyacin da ya matsa, ko don asibiti ya samu na cefane. Ƙa'idar farko ta kariya daga haske ita ce kada a yi hoton da ba a buƙata, kuma wannan hukuncin ana yanke shi tun kafin majinyaci ya isa ƙofar dalma.

Sabon abu ma yana tafe. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince kwamfuta ta karanta hoton ƙirji wajen tace masu tarin fuka, kuma a Najeriya ana yawo da ƙananan na'urorin da ake goyawa a baya zuwa unguwanni da ƙauyuka. Na'urar da ta fita daga ɗaki ta bar bangon dalma a baya. Tazarar da 'yan kallo za su bayar sai mai aikin ya san ta.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan kusa da gida. A 1956 likita Alice Stewart ta jami'ar Oxford ta nuna cewa yaran da aka yi wa iyayensu hoton ciki suna ɗauke da su sun fi sauran kamuwa da daji kusan ninki biyu. An daɗe ana musanta ta kafin a sallama. Daga nan ne aka wajabta tambayar duk macen da ke shekarun haihuwa ko tana da ciki, kafin hoton mara ko ƙugu ko ƙasan baya. A takarda tambayar layi ɗaya ce. A Jikwoyi kuwa, amarya ce 'yar shekara goma sha tara da aka kawo daga Funtuwa ko Gusau, ba ta jin Turanci, ba ta jin buroka, ga mijinta a tsaye, wataƙila ga yayarsa, ga namiji baƙo yana tambayarta abin da ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba. Cikin fari abin kunya ne. Za ta sunkuyar da kai ta girgiza shi. Wanda bai san aiki ba zai rubuta babu, ya ci gaba. Wani kuma da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin ciki sai tsoro ya kama shi ya ƙi yin ko hoton yatsa, alhali hasken hannu ko na ƙirji kusan ba ya kaiwa ga ɗan tayi, ya bar mace da ciwonta.

Gogaggun sun san dabara. Sai a ce wa maigida, "Malam, je ka biya kuɗin a kawo rasit." A ce wa yayar ta jira a benci. A kira ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa, a rufe ƙofa, ita kuma ta rage murya: "Ƙanwata, yaushe rabonki da al'ada? Kin yi ɓatan wata?" In ta ce ya wuce da kwanaki, ko ta ce ba ta riƙe ba, sai a dakatar da hoton, a yi gwajin fitsari na 'yan mintuna, a mayar da takardar ga likitan da ya rubuta, ya duba ko sikanin zai wadatar ko kuwa hoton ba zai jira ba.